Mai Girkin da Na Yi wa Tafinta a Levenshulme

A shekarata ta uku a Manchester na fara aikin tafinta. Maigidana yana digirinsa na uku a jami'ar Salford, yaranmu biyu sun shiga makaranta, ni kuma zaman gida ya ishe ni. Wata 'yar Sakkwato da muke haɗuwa a masallaci ce ta ce min akwai kamfanin da ke neman masu jin Hausa da Turanci, a tura mutum asibiti ko ofishin ƙaramar hukuma ya fassara. Na yi ɗan kwas, aka ba ni kati na rataya a wuya. Aikin ba kullum ba ne, don Hausawan da ke nan galibi likitoci ne da injiniyoyi da ɗalibai, Turancinsu ya fi nawa. Waɗanda nake samu tsofaffi ne da 'ya'yansu suka kawo a duba musu ido ko gwiwa.

Wata Talata aka turo min saƙo cewa ana nemana a wurin GP, wato likitan unguwa, a Levenshulme ƙarfe goma da rabi, majiyyaci namiji. Ban cika karɓar aikin maza ba, amma wurin bai fi tafiyar minti goma daga gidanmu ba, sai na ɗauki lema na tafi.

A ɗakin jira na duba ban ga mai kama da Bahaushe ba. Akwai dai wata doguwar mata a kusurwa, ta ɗora ƙatuwar rigar sanyi a kan atamfa, ta yafa gyale ruwan ƙasa, hannuwanta da jan lalle. Na ɗauka ta raka wani ne. Can allon da ke bango ya yi ƙara, ya nuna sunan namiji, muryar na'ura ta kira shi da ƙarfi. Ba wanda ya motsa. Aka sake kira. Sai matar nan ta miƙe, ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska, ta ratsa tsakiyar ɗakin kowa na kallonta. Na bi bayanta.

Da muka shiga wurin likita na yi sallama kamar yadda na saba. Ta juyo da sauri, ta dubi katin wuyana, ta dubi fuskata.

"Bahaushiya ce?" ta tambaya. Muryarta mai kauri ce, amma a tausashe take fitar da ita.

Na ce, "Eh, daga Zariya."

"To na shiga uku. Hajiya, ki ce wa likita na fasa."

Na faɗa wa likitar, wata Baturiya mai ƙananan shekaru. Ta ce idan an fasa yau sai bayan sati uku. Na juya na ce wa matar na sa hannu a takardar riƙe sirri, abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya.

Ta ce, "Takarda daban, baki daban. Magana zarar bunu ce. Ku nawa ne Hausawa a garin nan? Ai duk kun san juna."

Gaskiya ta faɗa, ban musa ba. Ta dubi ƙasa, sannan ta zauna.

A nan na gamu da abin da ba a koya mana a kwas ba. Likita tana tambaya da Turanci, kalma ɗaya ce ga mace da namiji. Ni kuwa duk jimlar da zan yi sai na zaɓa, ko ka, ko ki. Sai na shiga kewaye-kewaye. "Yaushe aka fara tarin? Ana cin abinci? An taɓa kwanciya a asibiti?" Na yi haka kusan minti biyar. Ta ɗago ta dube ni.

"Hajiya, ba da bango kike magana ba. Ko ki ce ke, ko ki ce kai, ki huta."

Na ji kunya ta rufe ni. Na ce, "Likita tana tambaya ko kina shan wani magani."

Ta buɗe jaka ta fito da wata farar roba, an kankare takardar jikinta da reza, ta ajiye a kan tebur. Babu komai a ciki. Ta ce wata huɗu ke nan da ƙarewarsa. Maganin cutar nan ce mai karya garkuwar jiki, wadda a gida ake ce wa ƙanjamau. Ba ta faɗi sunan ba, cewa ta yi, "ciwon nan." Ni ce na faɗa da Turanci.

A hankali, cikin zuwan da muka yi ta yi daga baya, na san ko wace ce. An haife ta namiji a wata unguwa a cikin birnin Kano. Tun tana ƙarama ta san kanta a mace, an yi duka, an yi rubutu, an kai ta wurin malamai, har aka gaji aka sallama. Ta tashi a cikin masu sayar da abinci a bakin tasha, ta yi shekaru a Jidda tana girki, shi ya sa Larabcinta ya fi Turancinta nesa ba kusa ba. Wani attajiri ne ya zo da ita Ingila tare da iyalinsa don ta riƙa yi musu tuwo lokacin hutu. Ranar da matar gidan ta ga robar maganin a kayanta, ranar aka fitar mata da jakarta waje. Ta nemi mafaka a wurin hukuma, aka ba ta ɗaki a wani gida a bayan Stockport Road, tana jiran a yanke hukunci a kan zamanta. Shekarunta za su kai arba'in da biyar. Ta ce mutane na kiranta ɗan daudu, ba ta faɗa da kowa a kan haka, amma ita a ranta mace ce, kuma haka take tsayawa gaban Ubangijinta.

GP ta tura ta asibitin masu wannan ciwo a cikin gari, ta kuma roƙa a riƙa turo ni. A can muka samu wata nas, dattijuwa 'yar asalin Jamaika. Tambayarta ta farko ita ce, "Da wane suna kike so a kira ki?" Da na fassara, baiwar Allah ta sa na maimaita. Ta faɗi sunan da ta zaɓa wa kanta tun a Jidda, nas ta rubuta shi da jan biro a saman fayil. Daga ranar ba a ƙara ɗaga murya an kira ta ba, nas ce ke fitowa da kanta ta yafito ta.

Gwajin jini ya nuna garkuwar jikinta ta yi ƙasa ƙwarai. Aka ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya kullum. Cikin wata uku tarin ya tafi, kumatunta suka ciko. Ta fara zolayata a kan Hausata, wai ta Zazzagawa ce, ba gishiri. Ran nan ta kawo mana waina da miyar taushe a kula, ni da nas muka ci a ɗan ɗakin shan shayi. Tun da na bar gida ban ci irinta ba.

Akwai wani magani na biyu da take sha, wanda wata ƙawarta ke aiko mata, ƙwayoyin da ke tausasa fata, su rage gashin fuska, su fito da ƙirji. Shi ne abin da ya fi damunta. Ta nemi a rubuta mata shi a asibiti yadda za ta san na gaskiya take sha. Likitan ciwon ya ce wannan ba ɓangarensa ba ne, a koma wurin GP. GP ta ce ba za ta rubuta ba sai da izinin asibitin da ke duba masu irin halinta. Wancan asibitin kuwa, layin jiransa shekaru ne. Kowa ya kama tsaginsa kamar naman watanda, ba mai duban ta gaba ɗaya.

Wata rana ta tambayi likitan ciwon ko ƙwayoyin biyu suna faɗa da juna a ciki. Ya yi dogon bayani, da sunayen sinadarai, da maganar hanta, da ƙirji, da wasu gaɓoɓin da ban taɓa ambata a gaban namiji ba. Gundarin maganarsa shi ne ba sa faɗa, ta sha duka biyun, za su riƙa duba jininta. Ni kuwa kunya da rashin kalmomi suka haɗu suka ɗaure min harshe. Na ce mata, "Ya ce za a riƙa dubawa." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ta gyaɗa kai, aka wuce zuwa wata magana.

Sau ɗaya muka haɗu a waje. Ina shagon kayan miya a Stockport Road tare da matar wani likita, ƙawata, muna zaɓen doya. Na ɗago sai ga ta a wajen attarugu. Kafin in yanke shawarar ko zan gaishe ta, ita ta riga ni, ta juya baya ta shiga duba buhunan shinkafa kamar ba ta taɓa ganina ba. Ƙawata ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"Kin ga wancan? Wallahi ɗan daudu ne. Har nan suka biyo mu."

Na ce, "Allah ya kyauta." Muka biya muka fita.

A zuwanmu na gaba ban san ta inda zan fara ba. Ita ta ce, "Hajiya, kada ki damu. Kina da miji, kina da 'ya'ya. Ni na saba."

Farkon sanyi ta zo asibiti da wasiƙa a hannu ta ce in karanta mata. Hukumar da ke ba su masauki ce, za a mayar da ita Birmingham cikin kwana biyar. Ba a faɗi dalili ba. Nas ta rubuta takarda, likita ya sa hannu, cewa tana tsakiyar magani kada a ɗaga ta. Amsar ba ta zo ba sai bayan mota ta riga ta kwashe ta. Abin da nas ta iya yi shi ne ta ba ta maganin wata uku, ta aika fayil ɗinta wani asibiti a can. Dokar aikinmu ta hana mu ba majiyyaci lambar waya. A bakin ƙofa na yagi takarda na rubuta tawa na cusa mata a hannu.

Ba ta iya rubutun boko ba, saƙon murya take turowa. Nakan shiga banɗaki in kunna famfo in saurara, don kada maigidana ya ji ya tambaya. Na farko da ɗan raha a ciki, wai unguwar sunanta Balsall Heath, cike da Larabawan Yaman, ta samu masu jin yarenta na biyu. Amma gidan da aka sa ta na maza ne, su biyar, domin takardunta namiji suka ce. Banɗaki ɗaya, kicin ɗaya. Takan jira sai kowa ya fita kafin ta yi wanka.

Saƙon da ya biyo baya babu raha. Ɗaya daga cikin mazan ya ga robar maganin, ya duba sunan a wayarsa, ya gaya wa sauran. Suka fitar da tukwanenta da kofinta suka ajiye a bayan gida cikin ruwan sama. Ta je sabon asibitin sau ɗaya. Ba su da tafinta a kusa, sai suka nemo tafinta ta waya, aka haɗa ta da wani Bahaushe. Ta ce duk jimlar da likita ta yi, sai ya fassara sannan ya ƙara tasa. "Ka ji tsoron Allah. Kai ka jawo wa kanka. Ka tuba tun kafin ka mutu." Likita na zaune tana murmushi, ta ɗauka bayani yake yi.

"Hajiya, da wane baki zan kai ƙararsa? Shi ne bakin nawa."

Ba ta koma ba. A wani saƙon ta ce gemu ya dawo mata da ƙarfi, kuma wata ƙawarta ta Jidda ta ce maganin ciwon ne ke kashe ƙarfin ɗaya maganin, don haka za ta ɗan huta da shi ta gani. Na amsa mata da cewa ta daure ta ci gaba da sha, ta koma asibiti, Allah ya kawo sauƙi. Abin da ya kamata in yi shi ne in ɗaga waya in kira nas ɗin nan ta Manchester. Na san haka a lokacin. Amma kiran yana nufin in amsa cewa na karya doka na ba da lambata, kuma ina tsoron a karɓe katin. Sai ƙaramar 'yata ta kwanta da ƙarambau, maigidana ya shiga rubutun ƙarshe na digirinsa, azumi ya zo. Saƙonnin suka ragu, suka tsaya. Ba zan ɓoye ba, har da ɗan sauƙi na ji a raina.

Bayan kusan wata tara, ina shanya da rana, aka kira ni daga wani asibiti a Birmingham. Suka ce an kawo wani majiyyaci ba ya iya numfashi, kuma lambata ce kaɗai ya bayar a matsayin ta 'yar'uwa. Da maigidana ya dawo na zaunar da shi na gaya masa, ban da sunan ciwon. 

Ya ce, "Yanzu ke me kike so ki yi?"

"Ina so in je."

"Ki je. Jinya lada ce. Amma kada maganar nan ta shiga cikin mutanenmu."

Washegari na kai yara makaranta na hau jirgin ƙasa. An kwantar da ita a ɗan keɓaɓɓen ɗaki a ɓangaren maza, sunan takarda a rubuce a allon saman gado. Da ban ga ragowar lalle a farcenta ba da na ce ɗakin na ɓata. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, gemu da furfura ya rufe haɓarta, kanta a buɗe, robar iska a hanci. Da ta gan ni ta ɗaga hannu ta rufe fuska.

"Kada ki kalle ni haka, Hajiya."

Na cire mayafina na ɗaura mata, na bar hijabin da ke jikina. Ta ce kwana uku tana roƙo a aske mata fuska, tana nuni da hannu, su kuma suna ɗauka ƙaiƙayi take ji, suna kawo mata man shafawa. Na gaya wa wata ma'aikaciya, ta kawo ruwan ɗumi da reza ta yi mata a hankali. Na roƙa a gyara sunan da ke allo, aka gyara.

Likitar da ke duba ta ta zo, ta ce ciwon huhu ne irin wanda ke kama wanda garkuwarsa ta ƙare, kuma an makara. Ta tambaya me ya sa ta daina shan magani. Baiwar Allah ta ba da amsa daki-daki, tana tsayawa tana jan numfashi, ni ina fassarawa. Da aka zo kan maganar ƙwayoyin biyu, likitar ta girgiza kai ta ce ai ba sa hana juna aiki, ana shan su tare. Ta ce ba wanda ya taɓa gaya mata?

Na fassara wannan ma, kalma da kalma. Sannan na ce, da Hausa, "An gaya miki a Manchester. Ni ce ban faɗa miki duka ba."

Ta dube ni. Ban san ko ta tuna ranar ba. Ta ce, "Kwana ne ya ƙare, Hajiya." Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don na ga ko numfashin da za ta faɗa da shi ba ta da shi.

Ta ba ni lambar yayarta a Kano, ta ce idan ta Allah ta kasance in gaya mata sanyin ƙasar ne. Na zauna har la'asar ina karanta mata abin da ya sawwaƙa, tana motsa leɓe. Na koma Manchester don yara. Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, suka kira suka ce ta cika.

Wanka ya zama abin magana. Matan da ke wankan gawa a masallacin da asibiti ya tuntuɓa suka ce ba hurumin su ba ne. Mazan suka yi ta jan ƙafa da suka ji ciwon da kuma yadda take. A ƙarshe wani tsoho Balaraben Yaman, wanda ashe yakan ba ta burodi a shagonsa su yi hira da Larabci, shi da wani abokinsa suka yi mata. Mutum bakwai suka sallace ta, da lafazin namiji. Na koma Birmingham ranar, ina zaune a ɓangaren mata ni kaɗai, ina jin kabbarori ta lasifika.

Da na kira yayarta ta yi salati, ta yi kuka sosai. Da ta natsu ta ce, "Baiwar Allah, don Allah ki gaya min gaskiya. Da kayan wa ya mutu, na maza ko na mata?"

Na ce da rigar asibiti. Ta ce alhamdu lillahi.

Sati biyu ban karɓi aiki ba. Daga nan na je wurin nas ɗin nan na gaya mata komai, har da lambar waya da jimlar da na gutsure. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce su ma da suka aika fayil ba wanda ya bi sawu ya ji ko ta isa. Ta ce akwai zaman da ma'aikata ke yi duk wata, in zo in maimaita abin da na faɗa mata. Na je, na tsaya gaban likitoci da Turancina na Zariya na faɗa.

Wasu abubuwa sun canja a wannan asibitin. Yanzu ana tambayar majiyyaci ko mace yake so ta yi masa tafinta ko namiji, kuma ana gaya masa ta yadda zai nuna idan tafinta ya wuce gona da iri. Idan an ɗauke wani zuwa wani gari, nas takan kira bayan sati biyu ta ji ko ya je. An kuma ware yammacin Laraba ɗaya a wata don mata irinta, inda likita ɗaya zai duba maganin ciwon da ɗayan a zama guda. Maganar gidajen da ake sa su ba ta hannun asibiti, tana nan yadda take. Na rubuta ƙorafi a kan tafintan wayar nan, kamfanin ya amsa cewa ba sa naɗar magana, kuma wadda abin ya shafa ce kaɗai za ta iya kai ƙara. Ni ma an ja min kunne a rubuce saboda lambar da na bayar.

Nas ta sa a riƙa kirana duk ranar Larabar nan, ko da za a samu mai jin Hausa. Ta ce ta tabbata akwai su, a Manchester da garuruwan kewaye. Masu zuwa ba su da yawa, Turawa ne da 'yan Brazil da wata 'yar Pakistan. Har yau mai jin Hausa ko ɗaya ba ta zo ba. A gida da cikin ƙawaye cewa nake ina da aiki a asibitin ido. Watan jiya ma na je, na zauna a kujerar baranda daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, aka sa min hannu a takarda, na kama bas na tafi ɗauko yara.